NANA ASMA'U ƊIYAR SHEHU, MATAR WAZIRI GIƊAƊO (1793-1864)

A ƙasar Hausa, idan ana ba da labarin zamanin da, sunayen sarakuna da na barade ake fara kawowa, matan da suka zauna a gidajen mulki kuwa sai su shige duhu tare da zamaninsu. Mutanen Madarunfa da na Maraɗi da na Tsibiri sun riƙe sunan Ɗan Kasawa da Rauda da Ɗan Mari da Ɗan Baskore, sun kuma riƙe sunan Mayaƙi Sarkin Gobir, amma da wuya a sami dattijon da zai jera sunayen matan waɗannan sarakuna. A can Sakkwato kuwa, wajen abokan gabarsu na wancan lokaci, akwai mace guda wadda ta zauna a gidan mulki fiye da shekara 40, har yau kuma sunanta bai ɓace ba. Ita ce Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ƙanwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Labarinta ya shafi mutanen gulbin Maraɗi ƙwarai, domin yaƙin da aka gwabza da kakanninsu yana cikin abubuwan da suka sa ta kama aikin da aka san ta da shi.

HAIHUWARTA DA ƘURUCIYARTA

An haifi Nana Asma'u a shekara ta 1793 a Ɗagel, wani ƙauyen malamai da ke cikin ƙasar Gobir. Mahaifinta Shehu Usmanu an haife shi a shekara ta 1754 a Maratta, kusa da Galmi, cikin ƙasar da ta zama Jamhuriyar Nijar. Sunan mahaifiyarta Maimuna. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan, amma Shehu bai ba ta sunan da aka saba ba tagwaye ba, sai ya raɗa mata sunan Asma'u ɗiyar Sayyidina Abubakar Siddiƙu. Maimuna ta rasu tun Asma'u tana ƙarama, saboda haka sauran matan Shehu ne suka yi renonta, cikinsu har da Hauwa'u mahaifiyar Bello. Tun daga nan shaƙuwa ta shiga tsakaninta da yayanta Bello, wanda ya girme ta da shekara 12 ko abin da ya yi kusa da haka.

Gidan da ta tashi a cikinsa gidan karatu ne, maza da mata. Shehu ya daɗe yana sukar malaman da ke karantar da almajiran waje alhali sun bar matansu da ɗiyansu cikin jahilci, ya kuma rubuta haka a littafinsa Nurul Albabi. Tun kafin a haifi Asma'u wani malami daga Barno ya zargi Shehu da barin mata su halarci wa'azinsa, sai ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa a waƙe, ya nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi zuwansu wurin wa'azi muni. A cikin irin wannan gida Asma'u ta ɗauki allo. Ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da nahawu da tasawwufi bisa ɗariƙar Ƙadiriyya. Fulatanci ne harshen gidansu, Larabci harshen littafi, Hausa kuwa harshen kasuwa da na jama'ar ƙasa, ta kuma iya harshen Buzaye. Ukun farko duka ta yi rubutu da su.

HIJIRA DA SHEKARUN YAƘI

Asma'u tana da shekara 11 zama ya ƙi daɗi tsakanin jama'ar Shehu da Yunfa Sarkin Gobir. A watan Fabrairu na shekara ta 1804 jama'a ta yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, aka ɗora littattafan Shehu bisa raƙuma, mata da yara suka bi a ƙasa. A watan Yuni na wannan shekara aka yi yaƙin Tafkin Kwatto, jama'ar Shehu ta yi rinjaye. Kafin shekara ta ƙare kuma aka yi na Tsuntsuwa, inda Gobirawa da Buzaye suka yi musu mummunar ɓarna, har mahaddata Alƙur'ani kimanin 200 suka kwanta dama. Daga nan sai yawo da yunwa da cuta, daga ƙasar Zamfara zuwa Gwandu, ga kuma yaƙin Alwasa a shekara ta 1805 wanda ya kusa tarwatsa jama'ar baki ɗaya.

Yarinyar da ta ga waɗannan abubuwa da idonta ta san abin da yaƙi yake yi wa mata: takaba, da maraici, da barin gida ba shiri. Cikin wannan hali aka ɗaura mata aure a shekara ta 1807, tana da shekara 14, da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, malami kuma babban aminin Bello. A shekara ta 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi, aka kashe Yunfa. Bello ya gina Sakkwato a 1809, Shehu ya zauna Sifawa na ɗan lokaci, sa'an nan ya koma Sakkwato a 1815, a can kuma Allah ya karɓi ransa a watan Afrilu na shekara ta 1817.

A GIDAN WAZIRI

Da aka naɗa Bello Sarkin Musulmi sai ya ba Giɗaɗo waziranci. Ya kamata mai karatu ya san nauyin wannan sarauta. Daular Sakkwato ƙasashe ne masu yawa, kowace da sarkinta wanda ya karɓi tuta, kuma Waziri ne tsani tsakanin Sarkin Musulmi da manyan sarakunan gabas, irin su na Kano da na Zazzau. Shi ke rubuta wasiƙu da sunan Sarkin Musulmi, shi ke fita rangadi don naɗa sarki ko sasanta rigimar gado, ta hannunsa gaisuwar ƙasashe ke shigowa, a gidansa kuma manyan baƙi ke sauka. Baturen Ingila mai yawon bincike, Kilafatan, da ya zo Sakkwato a shekara ta 1824, Giɗaɗo ne ya karɓe shi, haka kuma da ya komo a 1826 har ya mutu a can a watan Afrilu na 1827. Unguwar da gidan yake ita ce ake kira Giɗaɗawa a birnin Sakkwato.

Matar irin wannan mutum ba ta rasa aiki. Miji yakan yi watanni a kan hanya, gida kuwa cike yake da ƴan'uwa da barori da almajirai da baƙi masu jiran a gan su. Asma'u ta haifi ɗiya maza, ta rene su, ta kula da hatsi da tukunya da saƙar gida kamar kowace matar aure ta zamaninta. Da Bello ya gina ribaɗin Wurno ya koma can da zama, Waziri da iyalinsa ma suka yi gida a Wurno, sai zama ya rabu biyu, wani lokaci can wani lokaci Sakkwato.

Duk da wannan ɗawainiya ba ta ajiye alƙalami ba. A shekara ta 1820, tana da shekara 27, ta rubuta Tanbihul Gafilina da Larabci, littafin nasiha a kan halayen da ke tsirar da mutum. Ita da mijinta suka ɗauki nauyin tattara littattafan Shehu waɗanda hijira da yaƙi suka warwatsa, ana kwafe waɗanda suka tsufa ana adanawa. Takarda a lokacin daga arewa fatake ke kawo ta, ta hamada, da tsada, ga gara ga damina, littafin da ba a sake kwafewa ba kuwa ƙarshensa ɓacewa. Ba ƙaramin rabo daga abin da ake karantawa yau na rubutun Shehu ya tsira ta hanyar wannan gida ba. Ta kuma yi musayar wasiƙu da waƙoƙi da malaman nesa, har akwai waƙar maraba da ta yi da Larabci ga wani malami da ya zo daga Shingiɗi, cikin ƙasar Muritaniya ta yau.

Bello ya san darajar ƙanwarsa, yakan kuma ba ta aiki. Da ya rubuta Kitabun Nasiha, inda ya kawo labarin mata salihai tun daga matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya nemi ta mayar da shi waƙa. Ta yi shi da Fulatanci a 1836, ta kuma yi shi da Hausa a 1837 da sunan Tawassuli ga Mata Masu Albarka, ta ƙara da sunayen matan jama'ar Shehu waɗanda ta sani da idonta. Kafin wannan, a 1831, ta fassara wata waƙar mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa, wadda ke gargaɗin masu mulki da alƙalai da ƴan kasuwa a kan zalunci da cin haƙƙin talaka. Abin lura ne a ce matar Waziri ce ta sa wannan gargaɗi cikin harshen da talakawa ke ji, har su riƙa rera shi a ƙofar masu sarauta.

GAWAKUKE DA MUTANEN MARAƊI

Faɗuwar Alƙalawa ba ta kawo ƙarshen yaƙi ba. Tun a 1807 Katsina ta faɗa hannun masu jihadi, gidan sarautarta na dauri ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi, cikin kurmin gulbi, ya ci gaba da amsa sunan Sarkin Katsina. Gobirawa ma ba su miƙa wuya ba. A shekara ta 1836 Ali Sarkin Gobir da Rauda Sarkin Katsinan Maraɗi da Ibra shugaban Buzaye suka haɗa kai, Bello ya fito da kansa ya tare su a Gawakuke. Ali da Rauda duka a nan suka faɗi, aka kashe mutane masu yawa, aka kwashe mata da yara zuwa Sakkwato da garuruwan ribaɗi. Waɗanda suka tsira suka sake taruwa: Ɗan Mari ya hau gadon Maraɗi, Mayaƙi kuma ya kafa Tsibiri kusa da shi. Bello ya rasu a Wurno a 1837, ƙanensa Abubakar Atiku da ya gaje shi kuwa raunin da ya samu a yaƙin Tsibiri ne ya zama ajalinsa a 1842.

A cikin wannan rigima Asma'u tana gefen gidansu, ba ta kuma ɓoye ba. Ta yi waƙar addu'a a kan Mayaƙi, ta yi waƙar murna a kan nasarar Sarkin Musulmi Aliyu Babba, a 1856 kuma ta tsara doguwar waƙa da Fulatanci a kan yaƙin Gawakuke, tana yabon yayanta. Bamaraɗe ko Bagobiri da ya ji waɗannan waƙoƙi ba zai ji daɗinsu ba, domin waɗanda take kira maƙiya kakanninsa ne, masu kare ƙasarsu da sarautarsu. Tarihi ba ya gyaruwa da ɓoye wannan. Kowane gefe ya kai hari, kowane gefe ya kama bayi, mata da yara kuma su suka fi shan wuya a ko'ina.

Sai dai abin da yaƙin ya bari a ƙofar gidanta shi ne ya buɗe babban aikinta. Garuruwan daula sun cika da matan da aka raba da ƙasarsu, Gobirawa da Katsinawa da Zamfarawa da Kabawa, ba su jin Larabci, ba su jin Fulatanci, da yawansu kuma bori suka sani a matsayin magani da mafaka a lokacin baƙin ciki. A Gobir Inna ce shugabar bori da ta mata, a Maraɗi kuwa Iya, kowace da faɗa a ji a fada. Waɗannan mata su ne za su haifi ɗiyan gobe su yi musu tarbiyya. Asma'u ta gane cewa doka da bulala ba za su shiga zuciyarsu ba, sai an je musu da harshensu, ta bakin mata ƴan'uwansu.

ƳAN TARU

Wajen shekara ta 1840 ta kafa tsarin da aka sani da suna ƴan taru. A kowane ƙauye takan zaɓi dattijuwa mai hankali da mutunci ta naɗa ta jaji, watau sunan da fatake ke ba jagoran ayari. Alamar naɗin ita ce malfa da jan rawani. Malfa kuwa tana cikin kayan da aka san Innar Gobir da su, saboda haka macen da ta fito daga Gobir, da ta hangi jaji ta san shugaba ce ta zo. Asma'u ta ɗauki alamar da matan suka saba girmamawa ta ɗora ta a kan malama.

Matan aure masu goyo da hidimar miji ba su iya doguwar tafiya. Don haka ƴan mata waɗanda ba su kai aure ba da tsofaffin da suka gama haihuwa su ne ke bin jaji, a ƙasa, zuwa gidan Waziri, galibi bayan an gama aikin gona. Sukan zo da sadaka daga matan da suka rage a gida, hatsi ko zuma ko man shanu ko zare, Asma'u kuma ta raba wa makafi da guragu da gwauraye da marayu. Sukan kwana kwanaki tana koya musu waƙa baiti baiti, tana warware ma'ana, tana sauraron matsalolin da aka aiko su da su. In sun koma ƙauye sai su shiga gida gida su koya wa waɗanda ba su samu zuwa ba.

Waƙa ita ce littafin wanda bai iya karatu ba, domin mace tana iya rera ta tana daka, ko tana kaɗi, ko tana lallashin goyo. Da wannan dabara ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin gajeriyar waƙa, da Fulatanci a 1829, da Hausa a 1838. Ta yi Godaben Gaskiya a 1842, ta yi Sharuɗɗan Ƙiyama a 1860 da Dalilin Samuwar Allah a 1861, duka da Hausa. Ta yi waƙar yabon Annabi, ta kuma tsara tarihin Shehu da hijirarsa a 1839, wanda ƙanenta Isa ya mayar da shi Hausa da sunan Waƙar Gewaye. A 1839 ɗin kuma ta rubuta Tabshirul Ikhwani da Larabci a kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani, don malamai su sami abin ba mai ciwo da mai naƙuda da mai baƙin ciki a maimakon girka. Abin da ƴan taru ke koyo ya haɗa da alwala da salla da azumi, da haƙƙin miji a kan mata da na mata a kan miji, da jinyar marar lafiya, da wankan gawar mace, da sasanta maƙwabta.

Halinta ya fito fili a cikin marsiyyoyin da ta yi. Ta yi wa Bello, ta yi wa mijinta, amma ta kuma yi wa matan da ba su da sarauta. A 1844 ta yi alhinin wata maƙwabciyarta Halima, ta yabe ta da kirki da sasanta dangi. Ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, wadda ta yi shekaru tana kai da kawowa da ayarin mata. Da ba don waɗannan waƙoƙi ba, da babu wanda zai san an yi waɗannan bayin Allah a duniya.

TSUFA DA RASUWA

Bayan rasuwar Bello, Giɗaɗo ya ja jiki daga hidimar mulki ya ba da ƙarfinsa ga rubuta tarihi. Shi ne mai Raulul Jinani a kan Shehu, da Alkashfu wal Bayanu a kan Bello. A 1842, zamanin Aliyu Babba, ɗansu Abdulƙadir ya zama Waziri, sai Asma'u ta tashi daga matar Waziri ta koma uwar Waziri. Giɗaɗo ya rasu wajen shekara ta 1850, bayan zaman aure na fiye da shekara 40. Ita kuwa ta ci gaba da karantarwa da rubutu har ƙarshen ranta. Ta ga zamanin mahaifinta da na sarakunan Musulmi 4 a bayansa, ta zama tana cikin ƴan kaɗan da suka rage daga waɗanda suka taka hanyar Gudu da ƙafarsu, ana zuwa wurinta neman shawara da addu'a.

Allah ya yi mata rasuwa a shekara ta 1864, tana da shekara 71, aka binne ta a Hubbare, kusa da kabarin mahaifinta a Sakkwato. Ƙanwarta Maryamu ta karɓi jagorancin ƴan taru, bayanta kuma ɗiyarta Ta Modi, aikin ya ɗore har bayan zuwan Turawa a 1903. Waziranci ma ya zauna a zuriyarta: ɗanta Abdullahi Bayero ya yi, jikanta Muhammadu Buhari shi ne Waziri ranar da Ingilishi suka shiga Sakkwato, Waziri Junaidu kuma, wanda ya rasu a 1997, daga wannan gida ya fito, a hannunsa aka sami yawancin takardunta.

ABIN DA TA BARI

Rubuce-rubucenta da suka tsira sun kai kimanin 60. Wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta rubuta tarihinta a 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga ayyukanta a haɗe a 1997. Makarantun ƴan mata da dama suna ɗauke da sunanta, har a cikin Musulmin Amurka an sami mata da suka kafa ƙungiya suka kira ta ƴan taru.

Iyakar da Faransa da Ingila suka shata ta bar Sakkwato a gefe guda, Maraɗi da Tsibiri da Madarunfa a ɗaya gefen, gabar da ke tsakaninsu kuma ta daɗe da mutuwa, auratayya da fatauci da almajiranci sun maye gurbinta. Mutanen Madarunfa, waɗanda ke zaune a bakin tafkin da kaburburan waliyyai 99 suka kewaye, sun san girman bayin Allah na da. A cikin ƙauyukansu har yanzu ana muhawara a kan karatun ɗiya mace, wani uba yana ganin makaranta za ta hana ta aure, wani yana ganin addini bai yarda ba. Rayuwar Nana Asma'u amsa ce ga duka biyun. An yi mata aure tana da shekara 14, amma mahaifinta da yayanta da mijinta babu wanda ya karɓe allo daga hannunta, ta riƙe gidan Waziri, ta reni wazirai, ta kuma kai karatu ƙauyukan da babu makaranta, ga matan da yaƙi ya raba da gulbin Maraɗi da ƙasar Gobir. Uban da ya cire ɗiyarsa daga karatu da sunan bin magabata, ya kamata ya fara sanin abin da magabatan suka yi da tasu ɗiyar.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya jiƙan waɗanda suka faɗi a Gawakuke ta kowane gefe, ya sa Aljanna ce makomarsu, amin.